Idan kalma ɗaya ta ɗauki ma'anoni da yawa, wacce ce ke zuwa farko?

Tambaya: Ni malamar makaranta ce. Ni da wani abokin aikina muna haɗa ɗan ƙaramin ƙamus na Hausa zalla don ɗalibanmu. Da muka zo kan kalmar waya sai muka cije. Shi ya ce zaren ƙarfe ne zai zo farko tun da shi ne asalin kalmar, ni kuma na ce wayar da ake kira da ita, domin ita kowa ya sani yanzu. Shin akwai wata ƙa'ida da masana ke bi wajen tantance ma'anar da ke kan gaba?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi jagora. A kan waya dai, kuma a ƙamus irin wanda kuke haɗawa, ina bayanki. Amma abokin aikinki bai yi maganar banza ba, domin hanyar da ya ɗauka tsohuwar hanya ce da manyan ƙamusoshi suka bi. Abin da ya haɗa ku gardama shi ne "ma'anar farko" tana iya nufin abu uku: wadda ta riga sauran samuwa, ko wadda aka fi yawan amfani da ita, ko wadda take faɗo wa mutum a rai da zarar ya ji kalmar ita kaɗai. A yawancin kalmomi ukun nan suna haɗuwa a kan ma'ana ɗaya, shi ya sa ba a ma lura da bambancinsu. A waya kuwa sun rabu, kowannenku ya kama ɗaya.

Kafin a kai ga jere, sai an tabbatar kalma ɗaya ce ake magana a kai. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali, saboda haka kalmomi daban-daban kan fito da kama ɗaya a takarda. Garin da mutane ke zaune a ciki da garin da ake niƙawa ba ma'anoni biyu ne na kalma ɗaya ba, kunne ma ya raba su, domin wasalin farko na ɗaya gajere ne, na ɗayan dogo. Haka kai na jiki, da kai wakilin suna, da kai na "ya kai saƙo". Haka wata na sama da wata ta "wata mace". Ƙamus na Bargery da ya fito a 1934 da na Abraham da ya biyo bayansa duk sun sa alamomin karin sauti da tsawon wasali don kauce wa wannan ruɗani. Irin waɗannan kalmomi kowace a ba ta gurbinta, a sa musu lamba in ana so, kuma babu wata tambaya ta wace ce babba a tsakaninsu. Tambayarki tana tasowa ne a kan irin su baki, inda mai magana da kansa yake jin zaren da ya haɗa bakin mutum da bakin rijiya da bakin kogi da bakin wuƙa.

To, mu fara da hanyar abokin aikinki, wato bin tarihi. Babban ƙamus na Turanci na Oxford, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, haka yake jera ma'anoni: mafi tsufa a sama, ko da ta mutu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, sannan a gangaro zuwa ta yau, kowace da misalan rubutu masu shekara a jiki. Larabawa ma suna da makamancin haka tun da daɗewa. Ibn Faris, wanda ya rasu a shekara ta 395 bayan Hijira, a littafinsa Maƙayisul Lugga yakan ɗauki saiwar kalma ya ce tana komawa ga asali ɗaya ko biyu, sannan ya nuna yadda rassan suka fito. Wannan hanya tana da daɗi ga mai nazari, domin tana nuna masa yadda tunanin mutane ya yi tafiya daga wannan ma'ana zuwa waccan.

Sai dai ki gwada ta a kan kuɗi. Asalin kalmar jam'in wuri ce, wato ɗan ƙwanson nan da aka yi ciniki da shi a da. Idan kuka bi tarihi sau da ƙafa, ɗalibin da ya buɗe ƙamus ɗinku zai tarar an fara gaya masa cewa kuɗi wasu ƙwansuna ne na ruwa, alhali shi bai taɓa ganinsu ba, kuma ba shi ne abin da ya zo nema ba. Akwai wata matsala ma da ta fi wannan. Masu ƙamus na Oxford suna da tarin rubuce-rubuce masu kwanan wata da suke kafa hujja da su. Mu kuwa yawancin rayuwar kalmominmu a baki ta gudana, abin da aka rubuta da ajami kafin zuwan boko bai taɓo kowane fanni na rayuwa ba. Saboda haka sau da yawa abin da ake kira asali hasashe ne kawai wanda aka maimaita har ya zauna. Kalmar boko kanta misali ce. An daɗe ana cewa daga kalmar Turanci ta littafi aka aro ta, har Paul Newman ya fitar da wata maƙala a 2013 ya kawo hujjojin cewa kalmar Hausa ce tun fil azal, mai ma'anar abin da ba na gaske ba, abin yaudara. Wanda ya jera ma'anonin boko bisa tsohon zato, da yanzu sai ya sake lale. Kuma ko bayan an san gaskiyar asalin, babu mai hankalin da zai sa "yaudara" a gaban "ilimin zamani" a ƙamus na 'yan makarantar boko.

Abin da ya fi damuna da jeren tarihi shi ne mai karatu ba ya sanin an yi shi. Kusan kowa in ya ga lamba ta ɗaya a ƙamus, ɗauka yake ita ce ma'anar da ta fi ƙarfi. Wannan zato ya taɓa shiga har Kotun Ƙolin Amurka a 1998, a shari'ar da aka sani da Muscarello. Doka ta tanadi ƙarin ɗaurin shekara 5 ga wanda ya "ɗauki" bindiga yayin safarar miyagun ƙwayoyi, kalmar da aka yi amfani da ita a Turanci ita ce carry. Mutumin da ake tuhuma bindigarsa tana kulle a cikin ɗan akwatin gaban motarsa, ba a jikinsa ba. Shin ya ɗauke ta? Mai shari'a Stephen Breyer, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce ma'anar farko ta kalmar ta haɗa da ɗauka a cikin abin hawa, kuma cikin hujjojinsa har da cewa ita ce ta zo a farko a ƙamus na Oxford. Alƙalai 5 suka tafi a kan haka, 4 suka saɓa. Daga baya masana suka yi ta nuna cewa zuwan ma'ana a farko a wannan ƙamus shaida ce ta tsufanta kawai, bai ce komai ba game da abin da mutane suka fi nufi a yau. Ba ina cewa hukuncin ya rataya a kan wannan hujja ita kaɗai ba ne, amma ki duba inda jeren ma'anoni ya kai: har ga shekarun da mutum zai yi a kurkuku.

Hanya ta biyu ita ce ƙirga. A 1987 aka fitar da ƙamus na Turanci mai suna COBUILD ƙarƙashin jagorancin John Sinclair na Jami'ar Birmingham, wanda aka gina a kan rumbun rubuce-rubuce na miliyoyin kalmomi da aka zuba a kwamfuta. Maimakon mai ƙamus ya zauna ya yi ta tunanin abin da kalma ke nufi, sai ya duba yadda mutane suka yi amfani da ita a zahiri. Wannan ya gyara kurakurai da yawa, domin abin da muke zaton muna faɗa da abin da muke faɗa ba kullum suke daidai ba.

Amma ƙirga ma yana da ramukansa, kuma Hausa tana nuna su ƙarara. Ɗauki ciki. Idan kika buɗe kowane shafi kika ƙirga, "a cikin gida", "cikin dare", "daga cikinsu" za su rinjayi cikin mutum nesa ba kusa ba. Haka baya da gaba da kai: "bayan haka", "gaban kotu", "a kan tebur" sun cika ko'ina, alhali dukkansu daga sassan jiki suka taso. Ko ki ɗauki ci. A labaran da ake bugawa, "ci gaba" da "ci zaɓe" da "cin hanci" da "cin zarafi" ba sa ƙarewa, cin abinci kuwa sai jefi-jefi. Duk da haka in kika ce wa yaro ko tsoho ya ba ki jimla da ci, abinci zai ambata. Kuma wanda ya san cin abinci zai iya gane yadda wuta ke cin daji, da yadda ake cin amana, da yadda aiki ke cin lokaci, domin a dukkansu akwai wani abu da aka cinye ko aka rinjaya. Wanda aka fara koya wa "ci gaba" kuwa ba shi da hanyar da zai bi ya gano sauran. Ga kuma matsalar inda aka ɗebo rubutun. Hausar da ke intanet ta karkata sosai ga labarai da siyasa da wa'azi, don haka ƙasa mai shugaba da iyaka za ta danne ƙasar da ake takawa, ba don haka abin yake a bakin mutane ba, sai don manomi da magini ba su cika rubuta hirarsu ba.

Ni a ganina waɗanda suka fi kowa tsefe wannan mas'ala su ne malaman usulul fiƙihu, wato masana ƙa'idojin fitar da hukunci daga nassi, domin su hukunci ne ke rataye a kan amsar. Sun raba ma'ana zuwa haƙiƙa, wato ta zahiri, da majazi, wato ta aro, suka ce daga alamomin haƙiƙa akwai abin da suke kira tabadur, wato ma'anar da ke rigayen zuwa zuciya idan an faɗi kalma ba tare da wata alama a gefenta ba. Majazi kuwa sai da ƙarina, wato wani abu a cikin zancen da zai karkatar da mai ji daga ma'anar da ya saba. Zamakhshari, wanda ya rasu a 538 bayan Hijira, a kan wannan rabo ya tsara ƙamus ɗinsa Asasul Balaga: ya kawo ma'anonin haƙiƙa tukuna, sannan ya ce "daga majazi kuma akwai kaza". Abin da ya fi burge ni shi ne ba su ɗaure haƙiƙa ga tsufa ba. Sun yarda cewa akwai haƙiƙa ta lugga, da ta al'adar masu magana, da ta shari'a, kuma sabuwa tana iya ture tsohuwa. Kalmar dabba a asalin Larabci tana nufin duk abin da ke tafiya a doron ƙasa, amma al'ada ta taƙaita ta ga masu ƙafa huɗu, har ya zama in an faɗe ta ba wanda ke tuna mutum ko tururuwa. Salla a lugga addu'a ce, amma in ta zo a nassin shari'a, jumhurun malamai kan ɗauke ta a kan ibadar nan mai ruku'u da sujada sai in wata alama ta nuna akasin haka. Kin ga ke nan sun riga sun amsa wa abokin aikinki: asali yana da matsayinsa, amma ma'anar da ta zauna a zukatan masu magana ita ake fara ɗauka. Sun kuma ƙara da cewa fagen da ake magana a cikinsa yana sauya amsar.

Daga wannan ƙa'ida tasu ake samun gwajin da na fi dogara da shi, kuma kowa zai iya yin sa: a duba wace ma'ana ce ke tsayawa da ƙafarta, wace ce kuma sai an jingina mata wata kalma. A da, waya ita kaɗai zaren ƙarfe ce. Da aka fara aika saƙo ta cikin zaren, sai aka samu "buga waya" da "gidan waya". Da tarho ya zo aka ce wayar tarho, da ta hannu ta zo aka ce wayar hannu ko wayar salula. Duk tsawon wannan lokaci sabuwar ma'ana ce ke ɗauke da ƙarin bayani. Yau fa? Mutum ya shafa aljihu ya ce "na manta wayata", babu mai tambayarsa wace iri. Wanda ke nufin zaren ƙarfe shi ne yanzu yake cewa wayar wuta ko wayar lantarki don kada a yi masa wata fahimta. Nauyin bayani ya tashi daga kan sabuwa ya koma kan tsohuwa, kuma a nan ne za ki gane sarauta ta sauya hannu.

Ki gwada wannan a kan wuta, za ki ga sakamakon ya bambanta. Gaskiya ne in an ce "an ɗauke wuta" ko "an kawo wuta" kowa ya san lantarki ake nufi, amma aikatau ɗin ne ya nuna haka, shi ne ƙarinar. Ki miƙa wa yaro fensir ki ce ya zana miki wuta, harshen wuta zai zana, ja da rawaya, ba ƙwan fitila ba. Har yanzu lantarki ne ke buƙatar a ce wutar lantarki, ta lahira kuma a ce wutar jahannama. Tsohuwar ma'ana tana nan daram, don haka a wuta tarihi da abin da ke zuwa rai sun yi daidai.

Yadda za ku yi a aikace ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. Ga kowace kalmar da kuka yi saɓani a kanta, ku tara jimloli kamar 100 daga wurare mabambanta, labari da ƙagaggen labari da hira da waƙa, ba daga jarida kaɗai ba. Ku ware maganganun da suka daskare irin su "ci gaba" da "sa baki" da "sha alwashi", domin waɗannan gurbinsu daban ne a ƙarƙashin kalmar, bai kamata a ƙirga su a matsayin ƙuri'a ga wata ma'ana ba. Sannan ku nemi mutane masu shekaru daban-daban, maza da mata, masu karin harshe daban-daban, ku faɗa musu kalmar ita kaɗai, ku ce kowa ya yi jimla da ita. Kada ku tambaye su "mene ne ma'anar kaza", domin wannan tambaya tana sa mutum ya koma malami, ya fara lalubo tsohuwar ma'ana don ya nuna sani. Jimlar da ta fara fitowa daga bakinsa ita ce shaidar da kuke nema. In kuna shakkar ko ma'anoni biyu ne ko ɗaya, ku haɗa su a jimla guda ku saurara. "Ya ci abinci da jarrabawa" ba ta shiga kunne, wannan ya nuna cin biyu ne. Jam'i ma yakan taimaka: ƙasa mai iyaka tana da ƙasashe, rana ta kwanan wata tana da ranaku, amma ƙasar da ake takawa da ranar da ke fitowa daga gabas ba a saba jam'inta su ba.

Wani abin lura shi ne tashe. Ma'ana takan yi ƙarfi na 'yan shekaru saboda wani abin da ake yayi, sannan ta lafa. Masu Wikipedia ta Turanci sun fuskanci wannan wajen yanke shawarar shafin da suna zai fara kai mutum, sai suka sa ma'auni biyu: abin da masu nema suka fi nufi, da abin da muhimmancinsa zai daɗe. Shi ya sa wanda ya rubuta Apple a can 'ya'yan itacen tuffa yake fara tararwa, kamfanin da ke da wannan suna kuwa sai an ƙara masa bayani, duk da irin shaharar da ya yi. Wayar hannu ta wuce matsayin tashe, ta shiga harshe ta zauna, har ta haifi maganganu irin su "yi mini waya" da "yana kan waya". Amma akwai kalmomin da matasa suka ba sabuwar ma'ana bara ko bana, waɗannan a rubuta su a ƙasa, a jira a gani.

Akwai kuma kalmomin da gaskiyar magana ba su da ma'ana ta kan gaba, kuma tilasta musu ita zalunci ne ga mai karatu. Malaman usulu suna kiran irin wannan mushtaraki, misalinsu sananne shi ne kalmar ƙuru'i a aya ta 228 ta Suratul Baƙara, wadda Larabawa ke amfani da ita ga haila da kuma tsarki. Malikawa da Shafi'awa suka ɗauke ta a kan tsarki, Hanafawa a kan haila, kuma kowane ɓangare da hujjojin da ya nemo daga wajen kalmar, tun da ita kanta ba ta fifita ɗaya ba. A Hausa ina ganin jirgi ya kusa zama haka. Asalinsa na ruwa ne, amma yau shi ma sai an ce jirgin ruwa, kamar yadda ake cewa jirgin ƙasa da jirgin sama. Mutumin birni in ya ji "jirgi ya tashi" sama zai duba, wanda ya girma a bakin kogi kuwa jirgi a wurinsa na fito ne. A nan shawarata ku fara da ma'ana mai tattarawa, wato babban abin hawa da ke ɗaukar mutane da kaya, sannan ku kawo ukun a ƙarƙashinta ba tare da nuna cewa ɗaya ta fi ɗaya ba.

Game da waya, ga yadda zan rubuta ta in ni ne. Ta ɗaya, na'urar da ake magana ko aika saƙo da ita daga nesa, da misali irin "wayata ba caji". Ta biyu, kiran da ake yi da wannan na'ura, kamar "na yi masa waya jiya". Ta uku, siririn zaren ƙarfe da ake ɗauri da shi ko ake jan lantarki ta cikinsa. A ƙarshen gurbin sai a sa ɗan bayani cewa ta ukun ce asali, an aro ta daga Turanci, kuma daga gare ta sauran suka fito ta hanyar saƙon da ake bugawa a gidan waya. Da haka abin da abokin aikinki yake kishin kada ya ɓace ya samu wurinsa, ɗalibi kuma ya tarar da abin da ya zo nema a layin farko. In da ƙamus ɗin na masu koyon aikin lantarki ne, da zaren ƙarfen zan sa a sama ba tare da wani jinkiri ba, domin a wurin aikinsu in an ce "miƙo waya" ba wanda zai zaro ta aljihu.

Kowace hanya kuka ɗauka, ku rubuta ta a gabatarwar ƙamus ɗin cikin jimla biyu ko uku, ku ce lamba ta ɗaya tana nufin ma'anar da mai jin Hausa a yau zai fara fahimta, ba lallai mafi tsufa ba. Sannan ku koma kan kalmomin da kuka riga kuka gama kafin ku zo waya, irin su allo da baki da ciki da keke da layi, ku duba ko jerensu ya bi wannan ƙa'ida.